Laftof a Ƙasar Kusada: Gudun Furosesa da Wutar da Ba Ta Wadata Ba

Duk wanda ya san Kaikai, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kusada, ko ya bi babbar hanyar Kano zuwa Katsina ya yada zango a Kankiya, ya san laftof ta daina zama kayan 'yan birni. Tana kan teburin mai tura finafinai da waƙoƙi a waya. Tana shagon da ake buga takardu da yi wa yara rajistar jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Tana hannun mai yi wa jama'a rajistar lambar NIN, tana kuma jakar ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ko na jami'ar Dutsin-Ma idan ya dawo gida hutu. Galibinsu na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka a Legas, suka hauro Kano, aka saye su a titin Beirut. Kukan masu su ba ya wuce biyu: ta yi nauyi, ko batir ba ya riƙe caji. Amsar mai gyara ita ma ba ta wuce biyu: "Malam, sai an yi mata fomatin," ko "Alhaji, batirin ya mutu, sai sabo." Hujjar da nake son kafawa ita ce, sau da yawa ciwon ba a nan yake ba. Yana cikin tsarin da ke ɗaga gudun furosesa ya sauke shi gwargwadon aikin da ke gabanta, kuma a ƙasar da wuta ke wuya, babu hanyar samun ƙarin awannin aiki da ta kai gyara wannan tsari araha.

Dalilin da ya sa maganar ta fi nauyi a nan fiye da a Landan shi ne halin wutar. Kankiya tana da tashar wuta ta kamfanin TCN a kan layin da ya taso daga Kumbotso ya nufi Katsina, kuma KEDCO ne ke raba wa Kano da Katsina da Jigawa, amma maƙwabtaka da tasha ba ta sa wuta ta zauna a ƙauye. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana zuwa rukunin E mai awa 4, kuma tun da aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ba sai an faɗa wa kowa inda kamfanin rarrabawa zai fi son tura ɗan abin da ke hannunsa ba. A Yulin 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu a yarjejeniyar samar da wutar sola da NBET, kamfanin gwamnati mai sayen wuta, cikinsu har da Pan Africa Solar mai shirin gina tashar megawat 75 a Kankiya, sai saɓani kan farashi da lamunin gwamnati ya tsayar da ayyukan shekara da shekaru. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar layin Ugwuaji zuwa Apir. Janareto kuwa, tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kunna shi ya zama lissafin da mai shago yake yi da biro. Saboda haka mai laftof a Kaikai yana rayuwa ne a kan abin da batirinsa ya tara, ko abin da ɗan faifan sola da inbata suka iya ba shi kafin magariba.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan, tarin biliyoyin ƙananan makunnai ce da ke buɗewa suna rufewa bisa bugun wani agogo na ciki, kuma yawan bugun a daƙiƙa shi ne gudun da ake aunawa da gigahaz. Wutar da take ci tana ƙaruwa daidai da gudun, amma tana ƙaruwa da ƙarfin turin wuta, wanda ake aunawa da bolt, sau kansa. Gudu mai yawa kuma ba ya samuwa sai an ƙara bolt. Ma'anar wannan a lissafi ita ce, idan aka rage gudu da kashi 20 cikin 100 aka kuma rage bolt da kashi 20 cikin 100, wutar da bugun ke ci tana sauka zuwa kusan rabi, domin 0.8 sau 0.8 sau 0.8 ya ba da 0.512. An yi asarar kashi ɗaya cikin biyar na sauri, an tsira da rabin wuta. Ga kuma hanya ta biyu, wadda ta ma fi ta farko tasiri: barci. Mutumin da ke buga wasiƙa, komai saurin yatsunsa, tsakanin harafi da harafi akwai tazarar da a wurin furosesa doguwa ce ƙwarai, kuma furosesar da aka tsara da kyau tana kashe sassan jikinta a cikin wannan tazara ta farka idan an taɓa maballi. Wadda ba a tsara ba kamar ɗan acaɓa ne da ya murɗe totur yana tsaye a bakin tasha yana jiran fasinja: mai yana ƙonewa, inji yana zafi, ba a je ko'ina ba. Batirin laftof mai ɗaukar awa-wat 50 zai yi awa 5 idan injin yana jan wat 10, zai yi awa biyu da rabi idan yana jan wat 20. Batiri ɗaya ne, bambancin na tsari ne.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1994 Mark Weiser da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Xerox PARC suka wallafa nazarin da ya nuna cewa manhajar da ke tafiyar da kwamfuta za ta iya rage gudun furosesa lokacin da aiki ya yi sauƙi ta adana wuta. A ƙarshen 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, yaren da injin kwamfuta da manhajarta ke magana da shi kan matakan gudu da matakan barci. A 2000 Intel ya kawo SpeedStep, AMD ya kawo PowerNow!, a 2008 kuma Turbo Boost ya zo, wanda ke barin furosesa ta zarce gudunta na ƙa'ida na ɗan lokaci muddin zafi da wuta sun ba da dama. Da furosesoshin Skylake na 2015 Intel ya miƙa wa furosesa kanta yawancin hukuncin, ta riƙa zaɓar gudunta cikin iyakokin da manhaja ta gindaya. Wato EliteBook 840 G3 ko ThinkPad T460 ko Latitude E7470 da ake sayarwa a Kano duk suna ɗauke da wannan hikima a cikinsu. Tambayar ita ce me ke hana ta aiki bayan injin ya iso Kusada.

Wuri na farko da abin ke lalacewa shi ne teburin mai gyara. Ana sa Windows daga filashi cikin gaggawa, wani lokaci irin wadda wasu suka rarrage don ta yi sauƙi, a sa Office da manhajar kallon fim, a miƙa wa mai ita. Direbobin injin, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta san kowane sashe na laftof ɗin, sukan zo ne ta intanet, data kuma kuɗi ce, sai a tsallake. Idan direban sashen hoto bai shiga ba, Windows tana komawa kan direba na wucin gadi, kuma a wannan hali sau da yawa ba a iya rage hasken allo, zaɓin barci yana ɓacewa, sannan bidiyon da ya kamata sashen hoto ya warware da ɗan wuta kaɗan yana faɗawa kan furosesa ta yi ta dakonsa. Mai tura finafinai da ke buɗe bidiyo daga safe zuwa dare shi ya fi kowa biyan wannan. A kan haka kuma wasu masu gyara, da kyakkyawar niyya, suna zaɓa wa injin tsarin aiki mafi ƙarfi domin kwastoma ya ji ta yi sauri. Wannan tsari yana riƙe furosesa a gudu na sama muddin laftof tana jone da wuta. A ofishin da wuta ba ta yankewa ba a jin zafinsa. A Kaikai kuwa, wutar da aka jona ta fito ne daga batirin sola ko daga tankin janareto, kuma zafin da ta haifar yana nan cikin ɗaki a watan Afrilu. Akwai kuma injunan da suka iso an kashe musu SpeedStep a cikin BIOS, allon saiti da ke fitowa kafin Windows ta tashi. Wasu sukan maƙale a gudu na sama, wasu a na ƙasa, har ranar da wani ya shiga ya kunna.

Wuri na biyu ya fi ban takaici, domin wutar gari ce ke haddasa shi. Wutar da ke zuwa da ƙarfi fiye da kima bayan an daɗe da ɗaukewa, da ta ƙaramin janareto mai hawa da sauka, suna kashe caja. Idan ta asali ta ƙone, mai laftof yana sayen wadda aljihunsa ya kai, wato jabu. To cajar Dell mai zagayayyen kai tana da wata siririyar allura a tsakiya, wadda ba wuta take kaiwa ba, saƙo take kaiwa: tana gaya wa laftof cewa ita cajar wat 65 ce ko ta wat 90. Idan laftof ba ta sami wannan saƙo ba, ko don cajar jabu ce ko don allurar ta karye, tana iya ƙin cajin batir, ta kuma danne furosesa zuwa kusa da mafi ƙasƙancin gudunta don kare kanta. Cajar HP ma tana da irin wannan allura, wasu tsofaffin ThinkPad kuma suna rage gudu idan an cire batir aka bar su a kan ƙaramar caja. Sakamakon shi ne injin da aka ƙera ya haura gigahaz 2 yana rarrafe a ƙasa da gigahaz 1, batir ba ya hawa, mai shi ya tabbata cewa bairos ne ko tsufa. A yi fomatin sau uku, ba abin da zai canza. Abin da zai tona asirin kuwa yana gaban kowa: a buɗe Task Manager a duba gudun furosesa yayin da take aiki, a cire caja a sake dubawa. Idan gudu ya tashi bayan an cire caja, an kama ɓarawon. Akwai manhajoji irin su ThrottleStop da ke iya toshe kunnen furosesa daga wannan gargaɗi, amma ban ga hikimar tilasta wa cajar da ba a san ƙarfinta ba ta ɗauki nauyin da ba a ƙera ta dominsa ba, a ɗakin da ake kwana.

Sai zafi da ƙura. Yawancin furosesoshin laftof suna fara rage gudu da kansu idan zafinsu ya doshi digiri 100, a bazarar Katsina kuma iskar da fanka ke shaƙa don sanyaya su ta riga ta kai digiri 40. Ƙurar hunturu tana taruwa a bayan fankar ta zama kamar auduga ta toshe mafitar iska, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi yana bushewa bayan shekaru, sannan a ɗora laftof a kan katifa ko darduma a rufe ramukan ƙasanta. Wanke fanka da sabunta man nan aikin rabin awa ne ga wanda ya iya kwance injin.

Za a ce rage gudu ai rage aiki ne, kuma mai shago da layin kwastomomi a gabansa ba ya son injin da ke jan ƙafa. Akwai ma hujja ta fasaha da ke goyon bayan wannan: allo da ma'ajiyar bayanai da sauran sassa suna cin wuta duk tsawon lokacin da aiki ke ɗauka, don haka wani lokaci furosesar da ta yi gudu ta gama ta koma barci ta fi wadda ta yi ta jan aikin a hankali adana wuta. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa kulle furosesa a gudu na ƙasa kuskure ne daidai da kulle ta a na sama. Abin da ake nema shi ne ta sami 'yancin hawa da sauka. Tsarin da Windows ke kira Balanced haka yake yi: idan an buɗe babban fayil ta zabura, idan ana karanta shi ta lafa. Inda ya dace a sa hannu shi ne a can ƙololuwa, wurin Turbo Boost, domin nan ne ɗan ƙarin sauri ke cin wuta mafi tsada. A injuna da yawa, sauke iyakar gudun furosesa daga kashi 100 zuwa 99 a saitin wutar Windows yana hana ta shiga Turbo, zafi ya sauka, fanka ta yi shiru, kuma mai buga takardu ko cike fom ba zai ji wani bambanci a hannunsa ba. Mai haɗa bidiyon biki zai ji, shi sai ya bar nasa yadda yake.

Za a kuma ce furosesar zamani ta riga ta iya kula da kanta, kuma a aikin yau da kullum allo ya fi ta cin wuta. Kashi na biyu na wannan magana sau da yawa daidai ne, rage hasken allo shi ne abu mafi sauƙi da mai laftof zai yi ya ga canji nan take. Amma kashi na farko ya dogara ne da cewa caja ta gaskiya ce, direbobi sun cika, fanka tana numfashi, kuma babu wata manhaja a ɓoye da ke ta tayar da furosesa daga barci. Injiniyan da ya tsara Skylake ya ɗauka duk waɗannan suna nan. A kasuwar kayan hannu ta Arewa, kowanne daga cikinsu abin dubawa ne.

Suka mafi nauyi ita ce ta siyasa: me ya sa za a ɗora wa talaka koyon tattalin wat biyar, alhali haƙƙinsa ne gwamnati ta ba shi wuta? Ina tare da mai wannan magana ɗari bisa ɗari a kan haƙƙin. Tashar sola ta Kankiya da ta tsaya a takarda abin tambaya ce da ya kamata wakilan Kankiya da Kusada da Ingawa su riƙa sha a kowane zaɓe. Sai dai yarinyar da za ta rubuta JAMB a bana tana bukatar awa biyu na atisaye a daren yau, kuma ba ta da ikon gina layin wuta. Akwai ma wani lissafin da ya shafi aljihu kai tsaye: shagon da ke da laftof huɗu, idan kowace ta sauka daga wat 25 zuwa wat 15, ya rage wat 40 daga nauyin da ke kan inbatarsa, wanda a awa 8 ya kama awa-wat 320. Wannan kaso ne mai kauri na abin da batirin sola guda yake iya bayarwa ba tare da an tatse shi har ya lalace ba.

Akwai wurin da shawarar masana ta waje ba ta dace da mu yadda take ba. Batirin lithiyam yana saurin tsufa idan ya daɗe a cike maƙil cikin zafi, shi ya sa Lenovo da Dell da HP suka sa hanyar tsayar da caji a wajen kashi 80 a yawancin injunansu na ofis. Ga shagon da laftof ke wuni jone da sola, wannan saiti zai ƙara wa batir rai, ya kamata a kunna shi. Ga malamin makarantar da ke kai tasa wurin mai cajin waya sau ɗaya a rana, barin kashi 20 a baya asarar kusan awa guda ce ta aiki, shi ya cika kayansa. Haka batun rufe murfi. Barcin da laftof ke shiga yana ci gaba da lasar batir, a wasu sababbin injuna ma yana lasa da yawa, har mutum ya buɗe jaka ya tarar da ita da ɗumi babu caji. Inda ba a san ranar dawowar wuta ba, dogon barcin da ke kwashe komai ya ajiye a ma'ajiya ya kashe injin ɗungurungum shi ya fi, ko da yake Windows tana ɓoye shi sai an shiga saiti an fito da shi.

Lokaci ma ya ƙara wa maganar gaggawa. Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari, Windows 11 kuma a hukumance tana neman furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, ban da 'yan kaɗan. Injunan ƙarni na shida, wato masu Skylake, da suka cika kasuwanninmu sun faɗi a wajen layi, kuma kamfanonin waje da ke sauke irinsu za su ƙara turo su nan. Wasunsu za su koma Linux, wanda kyauta ne kuma ya daɗe da ƙwarewa a wannan fanni: tsarinsa na cpufreq ya sami mai tsara gudu na ondemand tun 2004, direban intel_pstate a 2013, da schedutil a 2016, ga manhajar PowerTOP da Intel ya fitar a 2007 mai nuna abin da ke hana furosesa barci, ga TLP da ke daidaita saituna da kanta idan an cire caja. Akwai tarko ɗaya da ya kamata matashin mai gyara ya sani: zaɓin powersave a ƙarƙashin intel_pstate yana barin gudu ya hau ya sauka, amma a ƙarƙashin tsohon direba na acpi-cpufreq yana kulle furosesa a ƙasa. Umarnin cpupower frequency-info yana faɗin wanne ke aiki.

Nauyin ya fi rataya a kan mutum biyu. Na farko maigidan shagon gyara, wanda yaransa ke koyon sauya allo da madannai da sa Windows, amma ba kasafai ake nuna musu inda ake duba gudun furosesa ko zafinta ba. Na biyu duk hukuma ko ƙungiyar da ke sayen laftof ta raba wa makarantu da asibitocin karkara: takardar kwangilar da ta ambaci girman ma'ajiya ta manta da caja ta asali da lafiyar batir da cikar direbobi ta sayi rabin inji ne. Shi kuwa mai saye a titin Beirut, kafin ya ƙirga kuɗi, yana iya neman a jona cajar da za a ba shi a shiga BIOS a ga ko injin ya gane ta, sannan a rubuta powercfg /batteryreport a cikin Windows. Rahoton da zai fito yana nuna adadi biyu, abin da aka ƙera batirin ya ɗauka da abin da yake ɗauka yanzu. Idan na biyun bai kai rabin na farko ba, batirin ya gaji da gaske, sai a rage farashi ko a sauya shi a wurin.